Haraji a Legas, indijin a Katsina: to mu 'yan ina ne?

Ɗan_Zangon_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani abu ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya, na ce bari in sauke shi a nan. 'Yata ta biyu tana cike fom ɗin neman tallafin karatu, aka ce sai ta haɗa da takardar indijin. Ni a Agege aka yanke mini cibiya, ita ma haka. Mahaifina da shanu ya zo Ikko tun kafin yaƙin basasa, a nan ya tsufa, a nan muka binne shi. Shagona babu shekarar da ba na biyan kuɗin ƙaramar hukuma, ga na shara, ga na allon da na kafa a ƙofa, rasit ɗin duk suna cikin wata tsohuwar jakar Makka a ƙarƙashin kanta. Amma saboda takarda guda sai na niƙi gari zuwa wani ƙauye a jihar Katsina da sau uku kacal na taɓa takawa, in nemo mai unguwa da dagaci su sa hannu cewa sun san ni. Alhali ba su san ni ba, kakana suka sani.

Jiya kuma a majalisa bayan isha'i wani yaro ya ce shi ko sisi ba zai sa a inshorar lafiya ba, haraji kuwa sai dai a ƙwata, wai ƙasar ba tamu ba ce, tasu ce. Na yi masa faɗa sosai. Da na kwanta sai na ga ashe da ya tsare ni da tambaya ba ni da abin ce masa. Shi ne nake tambayarku: sai mutum ya ji a ransa shi ɗan Najeriya ne sannan zai yarda ya zuba a asusun kowa da kowa, ko kuwa sai asusun ya taɓa yi masa rana sannan zai ji shi ɗan ƙasa ne?

Hajiya_Mai_Atamfa:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Ni dai ban taɓa ganin wadda ta shiga adashi don tana son uwar adashi ba. Tana shiga ne don ta ga ta gabanta ta kwasa lafiya. A layinmu a Balogun mu ashirin da biyu ne, Yarbawa sun fi yawa, Ibo huɗu, mu Hausawa uku. Shekara tara muna zubi ba a taɓa tambayar kowa garinsu ba, abin da ake tambaya kawai shi ne tana cika alkawari? Gwamnati ta zama uwar adashin kirki ta ga in ba a yi mata layi ba.

Baba_Tsohon_Soja:
'Ya'yana ku bar ni in faɗi abin da idona ya gani. Lokacin da Lateef Jakande ya hau gwamna a 1979, makarantun Legas kashi-kashi ake shiga, wasu yara da safe wasu da rana, saboda ƙarancin aji. Mutumin nan ya bi unguwa-unguwa yana gina azuzuwa. Ba kyau gare su ba, har ba'a ake yi wai kejin kaji ne, amma yaro ya samu benci kuma kyauta. Ni na kai nawa uku, hedimasta bai ce mini ina indijin ba, suna da shekaru kawai ya rubuta. Gidajen da ya gina a Abesan da Iponri da Amuwo-Odofin har yau da sunansa ake kiran su. Kafin shi ma UPE ta 1976, wato firamare kyauta ga kowa, ta kwashi 'ya'yan talakawa a duk faɗin ƙasa. Mu da muka ga wannan, in an buga taken ƙasa tsigar jikinmu tashi take yi. Ba wai mun fi ku imani ba ne, an yi mana ne muka gani. Yaron da Alhaji ya yi wa faɗa, me aka taɓa yi masa?

Abba_Tsohon_Mai_Okada:
Baba Allah ya ƙara girma, ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Masu cewa ba ma biyan haraji su zo su hau babur na yini ɗaya. Lokacin da nake aiki tsakanin Ijora da Apapa, kafin azahar na yanki tikiti uku, kowace mahaɗa da nata agbero, wato 'yan kamashon da ke karɓar kuɗi a hannun masu abin hawa. Ka yi gardama a zare maka makulli. Da aka hana okada a Yunin 2022 aka kama nawa, bashi ne ma ban gama biya ba, har yau ko madubinsa ban sake gani ba. Ba wanda ya ce ga abin da za ka koma yi. Yanzu dako nake yi. Kishin ƙasa ina da shi ranar da Super Eagles ke wasa, ana tashi kowa ya kama gabansa.

Injiniya_Bash:
Ni zan saɓa muku, ku yi haƙuri. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu nawa ne a zauren nan muke da katin LASRRA? Katin mazauna jiha ne, ba ruwansa da asalinka, ba a ce sai Bayerabe ba. Mu nawa ne muka yanki Ilera Eko, inshorar lafiyar jihar Legas? Ni na yanka wa iyalina, da shi matata ta yi awo ta haihu bara. Amma mutumin da ya shekara talatin a Idi-Araba, in ƙidaya ta zo ya tafi gida, katin zaɓensa na gida, gidan da ya gina na gida, hatta layya sai ya aika gida. Shi da bakinsa yake cewa ci-rani ya zo. To kansilan mazaɓar da ba ka da ƙuri'a a cikinta don me zai gyara maka kwata? Kai ka fara ɗaukar kanka baƙo kafin kowa ya ɗauke ka.

Ɗan_Zangon_Agege:
Injiniya ka karanta rubutuna da kyau. Ni ba ci-rani na zo ba, haifa ta aka yi a nan. Katin zaɓena na Agege ne, LASRRA ina da shi, Yarbancina kuwa in ina ciniki a Pen Cinema ba mai gane ni Bahaushe ne sai ya ga hula. Me ya rage in yi?

Barista_Ummi:
Yaya Alhaji, ba abin da ya rage ka yi, matsalar a rubuce take. Kundin tsarin mulki na 1999 magana biyu yake yi. Sashe na 41 ya ba ka damar zama duk inda ka ga dama a ƙasar nan, sashe na 42 ya haramta a nuna maka bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Amma sashe na 14(3) ya kawo rabon muƙamai bisa jihohi, sashe na 147 ya ce minista sai ɗan asalin jiha, sannan sashe na 318 da ya zo fassara wane ne ɗan jiha sai ya ce wanda iyayensa ko kakanninsa suka fito daga al'ummar da ke 'yar asalin wurin. Ka ga ba haihuwa ake dubawa ba, ba zama ba, ba haraji ba. Jini ake bi.

Akwai ƙarin abin takaici. Sashe na 14(2)(b) ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Daɗin ji. Amma yana cikin babi na biyu, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu sauraron ƙara a kan abin da ke cikin wannan babin. Wato in ka ƙi biyan haraji ana iya gurfanar da kai, in gwamnati ta ƙi ba ka asibiti ba ka da inda za ka kai ta.

Kuma mu yi adalci, ba mu kaɗai ba ne. Ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, da Bayeraben da kakansa ya zauna a Zariya, su ma haka suke niƙar gari zuwa Anambra ko Ogbomoso neman wannan takarda. A 2025 an kawo ƙuduri a majalisar wakilai da zai ba wanda ya shekara goma a jiha damar zama ɗan jihar, aka yi masa ca ta ko'ina har mai ƙudurin ya janye.

Sadiq_Ketu:
Barista ashe lauyoyi ma sun san an cuce mu, suka yi shiru suna karɓar kuɗin afidabit.

Barista_Ummi:
Sadiq ka zo ofis, naka kyauta ne.

Malam_Sani_Ticha:
Alhaji, tambayarka wasu ƙasashe sun amsa ta a aikace. Jamus a 1871 ta zama ƙasa ɗaya, kafin nan masarautu ne barkatai, ɗan Bavariya bai ɗauki kansa ɗaya da ɗan Prusiya ba. Shugaban gwamnatinsu Bismarck ya kawo inshorar lafiyar ma'aikata a 1883, ta haɗarin wurin aiki a 1884, fanshon tsufa a 1889. Ba tausayi ya sa shi ba, mutumin ba ruwansa da talaka. Tsoro yake kada leburori su bi 'yan gurguzu, sai ya ga wanda ke jiran fansho daga gwamnati ba zai so gwamnatin ta rushe ba. Ka ga a can gwamnati ce ta fara zubi.

Mu ma an gwada ɗinke mu bayan yaƙi, Gowon ya kafa NYSC a 1973, aka yawaita makarantun haɗaka na tarayya. Amma waɗannan wa suka taɓa? Wanda ya kai jami'a, ko ɗan wanda ya san hanya. Mai dako a Mile 12 bai taɓa sa kakin bautar ƙasa ba.

Dillalin_Mile12:
Ticha ka ambaci kasuwarmu, bari in shigo. Abu ɗaya na sani da kowane ɗan Najeriya yake samu ba tare da an tambaye shi indijin ba: man fetur mai araha. Gidan mai ba ya tambayar garinku. Shi ya sa a Janairun 2012, da lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka cika Ojota maƙil, Kano ta tsaya, Kaduna ta tsaya, har aka dawo da ita 97. Ni ina Ojota a ranakun nan, ban taɓa jin ni ɗan ƙasa ba ne kamar lokacin. Wani Bayerabe da ban sani ba ya raba burodinsa biyu ya miƙo mini, muka zauna a kan kwalta muna ci. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafi ya tafi, cikin kwana biyu lita ta doshi 500 a Legas. Motar tumatir daga Kadawa ko albasa daga Aliero, kuɗin dakonta ya ninka, mai saye kuma ni yake zagi, wai Hausawa sun tsauwala. Igiyar da ta ɗaure mu wuri ɗaya aka tsinke, ba a kawo wata ba.

Injiniya_Bash:
Dillali, motocinku ai gas suke sha, shi kuwa an daɗe da sakin farashinsa. Sannan tallafin nan wa ya fi mora? Mai motoci biyar a Ikoyi, da masu fasa-ƙwauri ta Seme. Talakan ƙauye da ko keke ba shi da shi nawa ya samu?

Dillalin_Mile12:
Na ji batun gas, ka yi gaskiya. Amma daga gona zuwa bakin titi fa? Injin ban-ruwa fa, da me yake tashi? Ka je Kura ka tambayi mai noman rani.

Maigadi_Ɗan_Tawa:
Salamu alaikum 'yan'uwa, ni ɗan Nijar ne, shekara sha ɗaya ina gadi a Lekki. Abin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne, a Ƙonni da Maraɗi man Najeriya muka sha a kwalba shekara da shekaru, da kuka cire tallafi mu ma mun ji a jikinmu. Amma ga abin da ke ba ni mamaki. In na je asibitin gwamnati a nan, kuɗin da Alhajin Agege zai biya shi nake biya, layin da zai bi shi nake bi. In 'yan sanda sun tare mu, dukkanmu aboki ne. Wallahi ban ga abin da katinsa ya fi nawa da shi ba, sai dai ƙuri'a.

Sadiq_Ketu:
Wannan magana ta fi duka zafi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Tunda ana maganar asusun kowa da kowa, maƙwabciyata a kasuwa kullum sai ta yi mini gori. Wai Legas ke tara VAT ana kwasa ana kai Arewa, can kuma ana fasa kwalaben giya amma ana karɓar kason harajin giyar. Ni dai dariya nake yi don ban san amsar ba. Mai sani ya taimaka mini in rama gobe.

Akanta_Nura:
Hajiya ga abin da za ki ce mata. Gaskiya ne kaso mafi tsoka na VAT a Legas ake rubuta shi. Amma dalili shi ne hedikwatocin bankuna da kamfanonin waya da manyan masana'antu a nan suke. Wanda ya sa kati a wayarsa a Gusau ya biya kashi 7.5 ɗinsa, sai dai a da a littafin Legas yake fitowa. Na biyu, ɗanyen abinci ba a ɗora masa VAT, don haka shanun Oko-Oba da kayan gwarin Mile 12 da hatsin Dawanau duk ba sa bayyana a lissafin. Rigimar nan ta kai kotu a 2021 da jihar Ribas ta yi nasara a Fatakwal, Legas ma ta yi tata dokar a watan Satumba na shekarar. Ta sake tasowa a ƙarshen 2024 da gwamnonin Arewa suka ƙi ƙudurin gyaran haraji. Dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta ce kason jihohi a raba rabi daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan.

Amma ki lura da abin da ke ƙarƙashin gorin nata. Ba lissafi ne ya dame ta ba. Ba ta jin yaron Gusau nata ne, shi ya sa kuɗin ke mata ciwo. Da Ijebu ake kai su da ba ta ce uffan ba. Mu ma in za mu faɗi gaskiya, haka wasunmu ke ji in an ce kashi 13 na jihohin mai.

Ɗan_Alaba_Rago:
Su ci gaba da gori. A 2021 da aka tsayar da motocin abinci bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, kwana nawa suka yi kafin tumatir ya gagare su?

Admin_Garba:
Ɗan Alaba a kiyaye. Ba zauren zagin ƙabila ba ne, kuma rabin mutanen nan surukansu Yarbawa ne. A wancan yajin ma, kayan wa suka ruɓe a Arewa? A koma kan tambayar Alhaji.

Nas_Hadiza:
Bari in ba ku labarin daren Talatar da ta wuce. Wajen ƙarfe goma aka kawo mana wani yaro ɗan dako, buhu ya zame ya karya masa ƙafa, ƙashi a waje. Aka rubuta abin da za a saya kafin a shiga tiyata. Abokansa biyu suka zazzage aljihu, kuɗin bai kai na allurar kashe zafi ba. Ɗaya ya fita da waya. Kafin sha biyu sai ga wani dattijo da hula a hannu cike da 'yan ɗari biyu da ɗari biyar duk sun yamutse, wasu da jirwayen manja, ga kuma alat yana ta shigowa a wayarsa. Kasuwa ce ta haɗa. Har da wata Iya mai sayar da barkono da ta biyo su da zani a kafaɗa tana cewa yaronta ne, shi ke sauke mata kaya.

To mutanen nan fa su ne ake cewa ba su yarda da inshora ba. Abin da suka yi a daren nan shi ne inshora, bambancin kawai sun san hannun da ya riƙe hular. A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin magani daga aljihun mara lafiya yake fita kai tsaye. Dokar NHIA ta 2022 ta ce inshorar lafiya dole ce ga kowa, amma doka ba ta sa mutum ya yarda da wanda bai taɓa gani ba. Kuma a Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, mu masu masaukin ba mu taɓa cikawa ba. Ina goyon bayan Injiniya a yanki Ilera Eko, na ga waɗanda ya rufa wa asiri. Sai dai in mutum ya zo da kati aka ce maganin ya ƙare ya je waje ya saya, gobe ba shi kaɗai zai fasa ba, da duk layinsu.

Ustaz_Obalende:
Allah ya saka wa mutanen kasuwar nan. Malamai sun kawo cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya tambaye shi dalili, ya ce jiziya da tsufa da buƙata. Umar ya ɗauke masa jiziyar ya kuma sa aka yanka masa abin da zai ci daga baitulmali, saboda ba adalci ba ne a karɓa a hannunsa yana da ƙarfi a yasar da shi da ya tsufa. Ba addininsu ɗaya ba, ba ƙabilarsu ɗaya ba. Zamansa a ƙarƙashin hukumar da kuma abin da ya bayar su suka ba shi haƙƙi. Amma kuma Malam Abba, zaluncin mai karɓa ba ya halatta mana mu ƙi taimakon juna. Zakka ma nawa ne a cikin masu kuɗinmu na Legas suke fitarwa yadda ya kamata, ba a tara mata a ƙofar gida ana miƙa musu dubu ɗaya-ɗaya ana ɗaukar hoto ba?

Abba_Tsohon_Mai_Okada:
Allah ya gafarta malam, ni ai cikin masu karɓa nake yanzu.

Yusuf_Ɗan_Landan:
Gaisuwa daga tsohon ɗan Obalende. A nan Ingila, NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnati da aka kafa a 1948, ta zama kamar tuta. Bature zai zagi firaminista, ya zagi gidan sarauta, amma ka ce a rushe NHS ka ga tashin hankali. A bikin buɗe Olamfik na 2012 gadajen asibiti da nas-nas suka fito da su filin wasa suna nuna wa duniya abin alfaharinsu. Ga shi layin ganin likita sai ka yi wata da watanni, suna ƙorafi amma suna biya.

Sai dai kada ku ɗauka kishin nan alheri ne zalla. Ni ina aiki ana cire mini haraji kamar kowa, amma sai da na biya ƙarin fam 1,035 na kowace shekara a kan bizata kafin in taɓa asibitin, kuma an buga mini a takarda cewa ba ni da haƙƙin tallafin gwamnati. A ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai ta 2016, da sunan NHS aka yi kamfe a jikin bas. Duk inda aka ce namu ne, to akwai wanda ake nufin ba nasa ba ne. Indijin ɗin da Alhaji ke kuka da shi, shi ne nake gani a nan da kwat da nakatayel.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Haka yake a Makka. 'Yar yayata can aka haife ta, Larabci ya fi Hausa a bakinta, amma ba 'yar ƙasa ba ce, abin da ake yi wa 'yan ƙasa sai dai ta gani da ido. Akanta na gode, gobe akwai kallo a Balogun.

Zainab_Mai_Digiri:
Ina so in juyo da maganar ta wata fuska, don akwai abin da ba a taɓo ba. Goyon bayan tsarin ƙasa ba biyan haraji kaɗai ba ne, har da yarda cewa yadda abubuwa suke haka ya dace su kasance. Wasu masana halayyar ɗan'adam a Amurka, John Jost da Mahzarin Banaji, sun kawo wani ra'ayi a 1994 cewa mutane kan kare tsarin da suke ciki ko da shi ke danne su, domin yarda cewa ana zaluntarka kuma ba ka da mafita abu ne mai nauyi a zuciya, gara ka ce ai haka duniya take. Ku duba mu. Wanda ya fi kowa cewa a yi haƙuri, shugabanci na Allah ne, sau da yawa shi ne wanda bai karya ba tun safe. Tsorona shi ne kishin ƙasar da Baba ke yabo yana iya zama bargon da ake lulluɓe mutane da shi su yi barci. An dawo mana da tsohon taken ƙasa a Mayun 2024 cikin 'yan kwanaki, amma gyaran maganar indijin ya gagara shekara da shekaru.

Baba_Tsohon_Soja:
'Yata, karatunki ya yi, amma kada ki haɗa kishin ƙasa da kishin masu mulki. Malam Aminu Kano ba ya son ƙasar nan ne? Tun kafa NEPU a 1950 yake faɗa da tsarin da ya tarar, aka ɗaure mabiyansa aka yi musu bulala. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, abin da Rimi da Balarabe Musa suka fara yi shi ne soke haraji da jangali, saboda talaka ya san harajin nan da dukan dogari ya san shi, bai san shi da rijiya ko asibiti ba. Ubana a gabana aka shanya shi a rana a ƙofar fada saboda sule goma. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa mutanenmu in sun ji kalmar haraji gabansu ke faɗuwa. Mai son gida shi ke cewa rufin yana yoyo.

Zainab_Mai_Digiri:
Na karɓi gyara Baba. Amma yaran da suka ɗaga tutar Rasha a Kano a zanga-zangar Agustan 2024 fa? Ba su san ko ina Rasha take ba.

Baba_Tsohon_Soja:
Ranar ban ci abincin dare ba. Mun zubar da jini saboda kore-fari-koren nan. Amma da na kalli ƙafafunsu a talabijin, rabinsu ba takalmi, sai na rasa wa zan yi fushi da shi.

Sadiq_Ketu:
Ni dai jirgin ƙasan Red Line ya sa na fara jin wani abu. Daga Agege zuwa Oyingbo ina zaune cikin sanyi, na taɓa katin Cowry na wuce, ba kwandasta mai zagin uwa, ba wanda ya ce mini aboki. Ran nan har na tsawata wa wani da ya yar da ledar fiya wata a ciki. Ni da kaina na yi mamakin kaina, a danfo ai ta taga nake wurgawa.

Injiniya_Bash:
Yawwa Sadiq. To da kuɗin wa aka yi shi? Da kowa ya ce sai ya gani sannan zai biya, da har yanzu kana cikin danfo.

Akanta_Nura:
Da bashi aka yi wani ɓangare Injiniya, jikokinka ma za su taya biya. Ghana dai dabara suka yi, da suka kafa inshorar lafiyarsu a 2003 sai suka ware kashi 2.5 a kan kayan da ake saye suka ce wannan na lafiya ne, da sunansa. Ko ba komai mai biya ya san inda aka ce za a kai, in bai gani ba ya san abin da zai tambaya. Mu namu duk rijiya ɗaya ake zubawa, guga kuma yana hannun wasu.

Ɗan_Zangon_Agege:
Na karanta duka, Allah ya saka. Har yanzu dai in yaron nan ya tsare ni ban san ta inda zan fara ba, watakila in ba shi labarin hular Nas Hadiza in ga abin da zai ce. Maganar Maigadi kuwa ta hana ni sakat tun ɗazu. Takardar dai ba makawa, ranar rufe fom ta matso. Na kira wani ɗan baffanmu a can ya ce dagacin da ya san kakanmu ya rasu, ɗansa ne a kai, sai na zo da kaina da yarinyar ya gan mu. Jibi in Allah ya kai mu za mu hau mota, shago kuma in bar wa yaro na kwana huɗu.

Barista_Ummi:
Yaya ka tafi da hoton fasfo kamar shida, da takardar haihuwarta da NIN ɗinku duka biyu. Kuma tunda ka je, ka yi wa sauran yaran gaba ɗaya, kada ka sake wannan tafiyar.

Dillalin_Mile12:
Alhaji in ta Funtuwa za ku bi ka yi mini magana ta akwati, ina da saƙon maganin hawan jini da zan ba ka ka miƙa wa tsohuwata, a bakin tasha ƙanena zai same ku.

Ɗan_Zangon_Agege:
Ba damuwa, ka aiko shi shago kafin la'asar ɗin gobe.